Baba Osmanu da bishiyarsa mai saɓa

Kullum da safe, kafin mu fito neman jirgin ƙasa na Abbey Wood a nan ƙasar Turawa, Baba Osmanu ya riga ya durƙusa a lambun unguwarmu, yana tura yatsa cikin ƙasa ya ji ko da danshi. Mutumin zangon Kumasi ne, aikin lambun nan ya tsufa a kai. Ni dai har yau ban gane shi ba.

Duk wahalarsa a kan wata 'yar bishiya ce da ya tsinta a tukunya kusa da bola, ya dasa a lambun. Ba ta 'ya'yan ci, inuwarta ko akuya ba za ta isa ba. Shi kansa ya daɗe bai san sunanta ba, sai da ya kai ganyenta wajen masu sayar da tsiro. Suka ga uku-uku ne a kara ɗaya, ga ɓawo ja yana saɓa kamar takarda, suka ce wata irin mapul ce ta ado, ba kasafai ake samunta ba.

Ɓawon nan ne ya ja mata. Hajiya Rakiya ta hawa na uku ta rantse sassaƙen maganin shawara ne, mata suka dinga zuwa da wuƙa. Bishiya ta fara bushewa, council, wato hukumar unguwa, ta yi booking ɗin masu sara. Baba ya kewaye ta da waya, ya ajiye kujera a gindinta.

"Hajiya, ka bar shi," in ji shi da Hausarsa ta zango. "Wanda ya faɗo da kansa, ɗauka. Wuƙa kashe shi yake."

"To me take yi, Baba, in ba magani?"

"Kyau."

Muka kalli juna. Amma bishiya ta farfaɗo, aka yi cancel ɗin saran, da kaka ta zo ganyenta ya yi jawur har yaranmu na ɗaukar hoto.

Kai ne mai haƙurin dutse, Baba. 'Ya'yan bishiyar nan yawanci holoƙo ne, ka yi ta shukawa shekara da shekaru kafin ɗaya ya tsiro. Yanzu gwiwa ta ƙi, za ka koma gida, zafin Kumasi kuma ba zai bar tsiron ba. Da ni da ɗanka Awal duk muka miƙa hannu, sai ka ba Hajiya Rakiya tsiron!

Na ji haushi, ban ɓoye ba. Jiya kuwa na ji ta daga taga tana daka wa wata baƙuwa tsawa a gindin bishiyar: "Ke! Mayar da wuƙar nan jaka!"

Mun gode, Baba, Allah ya ba ka lafiya. Mu kuma da muka rage, duk wanda ya ga ƙasar ta bushe, ya ɗebo ruwa.