Butar da Ba a Wankewa

Hasiya ta zo Malanville daga Garou shekarar da aka samu 'yancin kai, amaryar Sodangi mai facin butoci a kasuwa. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Kayan shayinsa ba su da yawa: kurfoti, wato murhun gawayi, mataci na waya da ya saƙa da hannunsa, da wata ƙaramar buta da yake dafa ganyen ɗoɗɗoya da citta da kanumfari a ciki. Doka ɗaya ya kafa wa gidan, ba a wanke cikin butar nan. Baƙin da ya kama cikinta, in ji shi, shi ne daɗin shayin. Ranar da Hasiya ta kai mata soso tana amarya, kwana ya yi bai yi mata magana ba.

Ɗansu ɗaya, Sallau, ya tafi karatu Kwatano. Zamanin soja, da jandarma suka shiga kamen 'yan makaranta, ya tsallake iyaka, shekaru ba labari. A cikin jiran nan Sodangi ya rasu. Hasiya ta ci gaba da dafa shayi a butar kowace safiya, ta ɗauraye bayanta kawai.

Wata rana wani direba ya kawo saƙo, Sallau yana Gaya, can tsallaken kogi, gobe zai haye gada, kuma bai san ubansa ya rasu ba. Matafiyi kuwa ba a tarbarsa da mutuwa. Sai ya sha, ya ci, ya huta, sannan manya su faɗa masa. Abin da Hasiya ke so ke nan, ɗanta ya zauna a gidan ubansa ya sha shayin ubansa da kwanciyar rai, ko da kofi ɗaya ne. Ta bi maƙwabta gida-gida tana roƙo kada wanda ya yi masa gaisuwar mutuwa a hanya.

Arziki maƙwabciyarta, mace mai tsabta har ta yi yawa, ta shigo taya ta gyaran gida. Hasiya ta fita sayen citta. Kafin ta dawo, Arziki ta bi tukwane da toka da yashi, har da butar, ciki da bai. Ba da mugunta ta yi ba. Hasiya ta duba, ta ga abin da ya faru, amma ba lokaci, ga sallama a ƙofa.

Sallau ya rame, har da furfura. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, ina Baba?"

"Zamna ka sha ruwa tukuna, ɗana. Ya tahi kusa."

Ya zauna bakin kurfoti kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya ɗaga murfin butar don ya zuba ganye. Cikinta fari tas, sai ƙyalli. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da murfin a hankali, hawaye na zuba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna, yaushe anka rufe shi?"