Maraƙin Takarda a Gidan Mahaucin Agege

Mun tashi daga Zariya da asuba, ana idar da salla muna ɗora kaya, ni da wata maƙwabciyata mai zuwa Legas saro atamfa. Ita jakarta shafal, don nauyinta a dawowa yake. Tawa kuwa sai da mutum biyu suka kama. Mai lodi ya ɗaga ya dire, ya dube ni ya ce, "Hajiya, dutsen niƙa za ki kai wa Yarabawa?" Na ce littattafai ne. Ya ce to ai ilmi ma yana biyan kuɗin kaya. Na biya ina ƙunƙuni, maƙwabciyata tana yi mini dariya.

Ku da kuke bibiyata a shafin nan kun san ni. Rayuwata ta aiki duk a ɗakin karatun wata makarantar 'yan mata na yi ta, kuma tun da na ajiye aiki ba ni da sana'a sai dame ku da "ku karanta wannan, ku nemi wancan." Amma wannan tafiya ba yawon littafi ya kai ni ba. Yayana ne, wanda nake bi, mahauci a Agege tun ina budurwa. Idonsa na hagu ya tafi tun bara, na dama kuma an sa ranar yi masa aiki, likita ya ce a yi addu'a, don ba shi da tabbas.

Ba idon kaɗai ya tayar da ni ba. Yaya yana da jika 'yar shekara biyar, takwarar mahaifiyarmu ce, shi ya sa muke ce mata Ummi. Gida ɗaya suke, amma ba ta zama kusa da shi. Bakinta Yarabanci da Turanci, Hausa kuwa tana ji sama-sama ba ta mayarwa. Shi kuma Yarabancinsa na ciniki ne, bai wuce farashin cinya da haƙarƙari ba. Ya ce mini a waya, "Auta, tsorona kada idon nan ya rufe ban san yarinyar nan ba, ita ma ba ta san ni ba." Yaya ba mutum ne mai faɗin tsoro ba. Washegari na fara haɗa jaka.

Hanyar Kaduna zuwa Abuja mun sha ta da salati, wani wuri kwalta sumul, wani wuri rami kamar an haƙa da gayya. Direbanmu mai wa'azi ne ga duk wanda ya wuce shi, shi kuma idan ya wuce wani sai ya ce gwaninta ce. A Lakwaja muka ci soyayyen kifi da yaji a bakin hanya. Kifin ya yi daɗi, sai dai tsadarsa ta sa maƙwabciyata ta tsotse ƙayar har sau biyu, wai kada a cuce ta. Nan muka kwana a gidan wata 'yar'uwarta.

Da safe muka hau tuddan Okene, ƙasa ta fara sauya kaya. Itatuwa suka haɗe kai a sama, ko'ina kore shar, ga jarkokin manja jere a bakin titi, ga ayaba nono-nono, ga mata suna ɗaga manyan katantanwa suna kiranmu. Wani dattijo a bayanmu ya kau da kai yana neman tsari, matar da ke gefensa kuwa ta sayi guda biyar. Kafin Ibadan muka sayi ƙosan da aka soya da manja, ja wur, muka cusa a burodi. Na yi niyyar raina shi don kishin ƙosanmu na gida, amma gaskiya sai da na ƙara.

Legas ta tarbe mu da cunkoso da zafi mai danƙo. Maƙwabciyata ta nufi Idi-Araba wajen danginta, ni kuma na shiga danfo, motar hayarsu mai ruwan ɗorawa, na rungume jakata a cinya don kwandasta ya ce idan ta zauna a kujera kuɗin mutum za ta biya. Ina sauka a Agege na ji kamar ban bar gida ba. Ga mai shayi yana ɗaga kofi sama, ga masu goro, ga mai yankan farce, Hausa ta Kano da ta Sakkwato da ta Nijar duk tana tashi a bakin layin dogo. Sai dai yaran da ke wasa a lungu, sunayensu namu, bakinsu na masu gari.

Gidan Yaya na haya ne mai dogon lungu, ɗaki na kallon ɗaki. Na same shi a kan tabarma ya rame, yana karkata kai don ya gan ni da ido ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Malama Auta, kin zo duba mu ko mun yi karatu?" Muka yi dariya, amma zuciyata ta karye. 'Yarsa, uwar Ummi, ta kawo mini ruwa da burodin Agege mai laushi da wake. Ummi ta leƙo daga bayan labule, Yaya ya miƙa hannu ya ce, "Zo mana, Innata." Ta saki labulen ta gudu.

Washegari da hantsi na tambayi littattafan da na aiko shekara uku da suka wuce, don in ga inda Ummi ta kai. Uwarta ta yi murmushin da ban gane ba, ta ɗauko kujera ta hau, ta sauko da wani ƙunshi daga kan durowar kaya. Farin ƙyalle ne, a cikinsa leda, a cikin ledar wata leda. Littattafaina ne guda bakwai, sababbi fil, ko shafi ɗaya ba a buɗe ba.

"Gwaggo, wallahi Baba no gree, ya hana a buɗe su," in ji ta. "Ko ni bai bari na taɓa ba."

Na juya wajen Yaya raina a ɓace. Ya ce, cikin natsuwa, "Ke kika ce a kula da su, kada a yaga, kada maiƙo ya taɓa. Gidan mahauci ina ne babu maiƙo? Hannun nan nawa jini da kitse ya sani, ba zan ɗora shi a kan takardar ilmi ba. Yarinya kuma yagawa za ta yi. Shi ne na adana miki."

Gaskiyarsa ce, don ni na faɗa. Kalmomin da na yi shekara da shekaru ina jefa wa ɗalibai su na jefa wa yayana a waya, shi kuma ya ɗauke su da girmamawar da aka rene mu da ita, wadda idan ka ga takarda mai rubutu a ƙasa za ka ɗauke ka soke a jikin katanga. Ya girmama littattafan har ya hana su aikinsu. Kunya ta kama ni ƙwarai, kuma na ji tausayinmu mu duka.

Na zauna a ƙasa na baje su a kan tabarma, har da waɗanda na zo da su. Uwar Ummi na ba ta wani ƙagaggen labari na wata mata mai tuwo-tuwo a tasha da ta rene 'ya'yan mutane da yawa. Irin littafin da nake so a fara da shi ke nan ga wanda ya daɗe bai yi karatu ba: babi gajeru, mutane irin na unguwa. Yaya kuma na zaɓa masa wani na tarihi, a kan fataken da suka riƙa koro shanu a ƙafa daga Arewa zuwa Kurmi. Na karanta masa shafi biyu, ya katse ni sau huɗu. Wai marubucin bai taɓa bin garke ba, don saniya ba ta yin tafiyar da ya rubuta a yini ɗaya. Ban taɓa jin daɗin a ƙaryata littafi a gabana ba sai ranar.

Da la'asar na ɗauko na hotuna. Labarin wani ɗan maraƙi ne mai tabo a goshi da ya ɓace wa garkensu ranar kasuwa. Rubutu kaɗan, hoto cike da shafi. Na ɗora wa Yaya a cinya. Ya janye hannuwansa ya ce bari ya wanke. Na ce ba zai wanke ba, na kama hannun na ɗora a kan shafin. Ya kawo littafin dab da idonsa na dama, ya daɗe yana kallo, sai na ji ya ce, "Kai! Wannan ai bokolo ce. Dubi tozo. Wanda ya zana wannan ya san shanu."

Boko bai iya ba, don haka bai bi rubutun ba. Hoton ya riƙa karantawa da ƙarfi, shi kaɗai. Wannan fara bunaji ce, wannan ja mai dogon ƙaho rahaji, wannan karsana ce ba ta taɓa haihuwa ba, wannan kuma makiyayin malalaci ne, dubi yadda ya riƙe sanda. Ya yi kukan saniya, ya yi na maraƙi. Labule ya motsa. Ummi ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta matso bayan uwarta, can sai ga ta a gefen tabarma tana leƙe. Ta yi wa uwarta wata tambaya da Yarabanci, uwar ta fashe da dariya ta ce, "Baba, wai yanka maraƙin za ka yi?"

Yaya ya rufe maraƙin da tafin hannunsa ya ce, "Faɗa mata wannan ba na yanka ba ne. Uwarsa muke nema masa. Ta zo ta taya ni, idona ba ya gani sosai."

Ta zo. Ta zauna a jikinsa, tana nuna hoto da yatsa yana faɗin suna, tana maimaitawa a karkace yana gyara mata. Kwana huɗu suka yi a haka kafin ranar aiki. Aka ci tsire a kan littafin, aka zubar masa da shayi, shafin kasuwa ya yage aka liƙe da salatif. Duk lokacin da na ga sabon tabo sai tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu ta motsa a cikina, in ce mata ta zauna.

Ranar aiki muka tafi babban asibitin da ke kusa da Idi-Araba. Muna zaune a benci, uwar Ummi ta buɗe labarin mai tuwo-tuwo don ta rage fargaba, ni kuwa carbi na riƙe, don ko layi ɗaya ba zan iya karantawa ba. Aka fito da shi an naɗe idon da bandeji, aka ce sai an kwance za a san abin da Allah ya yi.

Bayan an sallamo shi, yana kwance a tabarmarsa, duka idanun babu, ni ina gefe ina yi masa fifita. Ummi ta shigo da littafin a hammata. Ta tsaya tana kallon bandejin, na ɗauka za ta gudu. Sai ta zauna, ta buɗe, ta kama babban yatsansa ta ɗora a kan shafi, ta ce da Hausa, "Baba Tsoho, ga bokolo. Ga tozo." Ta ja yatsan gaba. "Ga maraƙi. Ba na yanka ba."

Yaya ya daure, ya bar mata yatsan tana ja a kan shafin. Ni ce na kasa, na fita lungu na yi kukana a gaban wata Bayarabiya mai wanki, ta miƙo mini kujera ba ta tambaye ni komai ba.

Dawowarmu jakata ce shafal, ta maƙwabciyata kuma mutum biyu suka kama, na rama dariyar da ta yi mini. Mun iso Zariya da yamma lafiya lau. Kafin in cire mayafi na buɗe kabad ɗin gilashin da nake kulle littattafaina, na kwashe na yara duka na zuba a kwando, na ajiye a tsakar gida inda yaran maƙwabta ke wasa.

Kun saba in ba ku jerin abin da za ku karanta. Na wannan karon gajere ne. Ku nemi ƙagaggen labarin da mutanensa suka yi kama da na layinku. Ku nemi na tarihi ko na sana'a, ku karanta wa tsohon da ya san abin, ku bar shi ya yi gardama. Na yara kuma ku zaɓi mai hoton abin da kakansu ya sani, ko shanu, ko gona, ko saƙa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne in daina raka littafi da kashedi. In kun bayar, ku ce a buɗe yau.

An kwance wa Yaya bandeji bayan na dawo. Yana bambance haske da duhu, yana gane inuwar mutum, amma hoto ya fi ƙarfin idon. Da na kira shi ina neman kalmar da zan ba shi haƙuri, sai na ji muryar Ummi a kusa tana gardama a kan rahaji. Ya ce, "Auta, bar jajen nan, ina da mai karanta mini. Ki dai aiko mana da wani, wannan mun cinye shi."