Ɗigon Jinin Madam Serah

Duk wanda ya saba shiga motar safe daga Kubwa zuwa cikin gari ya san ta, ko da bai san sunanta ba: doguwar mata mai tabarau, jaka a cinya, wadda ba a taɓa jin ta tana cacar baki da kwandasta ba. Madam Serah Kure ke nan. Tana sauka sai ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan Abuja, can baya kusa da janareto, inda ba mai zuwa sai wanda ya yi ɓatan kai. Ta zura farar riga, ta karɓi jinin da masu sa kai suka bayar, ta ware fararen ƙwayoyinsa don masu bincike. In ta ɗauko kwalbar, tafiya take kamar mai ɗauke da jariri mai barci. Kuskura ka bangaje ta ka ji: "Oga, sannu-sannu mana, kar ka tashe mini su!" Ƙwayoyin nan saurin fushi gare su, ana girgiza su aikin ranar ya lalace. Haka take yi tun Kubwa ba ta cika ta batse ba, ga shi ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ni Nabilah ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, warin asibiti ma tayar mini da zuciya yake. Ƙanena Lukmanu ne sanadin haɗuwarmu. Tifa ce ta murƙushe masa cinya a hanyar Kuje. Likitoci suka yi aiki, suka sa ƙarfe, muka ce alhamdulillahi. Sai zazzaɓi ya rufe shi, ƙafa ta kumbura suntum, numfashi ya soma gagara har aka sa masa robar iska a hanci. Aka gwada jini, aka sake gwadawa, aka ce ba a ga ƙwayar cuta ba.

Nan fa Umma, mahaifiyarmu, ta ce ta gaji. "Ba cuta, amma yaro yana ƙonewa? Ashe ba su san abin da ke damunsa ba." Ta ce wajen mai ɗori za ta kai shi, wanda ya taɓa gyara wa marigayi Baba hannu, ya warke sumul, don haka ba ka ce ba ta da hujja ba. Ta kira yayanta, Kawu, ya zo da mota. Likita ya yi bayani, na fassara, na haɗa da kuka, na ƙara da masifa. Umma ko gezau. Likitan ya ja ni gefe ya ce in aka fitar da Lukmanu a haka, rasa ƙafar shi ne mafi sauƙin abin da zai same mu.

Muna cikin haka a baranda Madam Serah ta zo wucewa. Lukmanu ba majinyacinta ba ne, ba ta ma san mu ba. Ta tsaya ta saurara, sannan ta rusuna ta gaida Umma da Hausarta ta 'yan Abuja.

"Mama, mota ba zai gudu ba. Zo ka ga wani abu. In ka gani, ka tafi da yaronka."

Ina jin abin da ya sa Umma ta bi ta, ita kaɗai ce ranar ba ta ce mata a'a ba.

A ɗakinta ta soki yatsanta da allura, ta ɗiga jinin a ɗan gilashi, ta ajiye a wuri mai ɗumi. Ta jawo wa Umma kujera suka shiga hirar tsadar tumatir, wayata kuwa sai ruri take, Kawu yana tambayar ko mun fito. Ni har na fara jin haushinta, wallahi. Da jinin ya daskare ta wanke shi a hankali, ta sa gilashin a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. A allon kwamfuta wasu dunƙulallun abubuwa suka bayyana, suna zaune abinsu.

"Waɗannan fararen ƙwayoyin jini su ne masu gadin jiki," in ji ta. Ta kawo wani siririn tsinken gilashi mai ruwa a ciki, ta saukar da bakinsa a tsakiyarsu. Ta ce ƙwayar cutar bakteriya duk abin da za ta ƙera na jikinta da wani tambari take farawa, fomil ake kiransa, kuma gutsattsarinsa na zuba duk inda ta bi. Shi ne a cikin tsinken. Masu gadin kuwa fatarsu cike take da wasu 'yan hanci da ke jin wannan tambari. Da ya taɓa hancin, saƙo ya shige ciki, sai ƙwayar mai gadin ta miƙe ta nufi gefen da warin ya fi ƙarfi, in ta isa ta haɗiye abokin gaba ta watsa masa guba.

Ba ta rufe baki ba Umma ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Nabilah, tafiya suke!" Ga su nan kuwa, daga kowane gefe suna jan ciki zuwa bakin tsinken.

Amma Umma ba a yi mata wayo. "To baiwar Allah, an ce ɗana ba cuta a jininsa. Me nasa suke bi?"

"Yauwa, Mama, tambayan ke nan." Ta ce a cikin kowace ƙwayar naman jikinmu akwai 'yan murahu masu ba mu ƙarfi, su ma da wannan tambari suke ƙera nasu kayan, amma a rufe suke, masu gadi ba sa jin su. Da tifa ta murƙushe cinya suka fashe, tambarin ya kwarara cikin jini. Masu gadi suka ɗauka yaƙi ne, suka taso gaba ɗaya, wasu har huhu.

"Wato nasa ne ke dukansa?"

"Ba da mugunta ba, Mama. In aka ja ƙafan nan aka murza, wani zai ƙara fashewa. Kuma hanci in ya sha wari da yawa toshewa yake. Ranan da cuta na gaske ya shigo ciwon, ba za su ji ba. Shi ya sa dole ido ya kasance a kansa, har jiki ya aika musu cewa ya isa."

Umma ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta miƙo hannu na ba ta waya. "Yaya, ka mayar da motar," ta ce, ta share ido da bakin mayafi.

Ke ce, Madam Serah, mai huda yatsanki don uwar wani ta fahimta. Ke ce ba ki raina tsoron tsohuwa ba, ba ki zagi mai ɗorinta ba, kika buɗe mata ƙofa kika ba ta kujera. Sarauniyar ɗakin baya! Wani ɗalibin bincike, Bernard, ya ce mini duk wanda ya rubuta digiri a kan ƙwayoyin nan a wurin, da hannunki ya rubuta, sunanki kuwa sai dai a layin godiya, in an tuna. Ina ƙaunarki, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Lukmanu ya sha jinya, har cutar da kika faɗa ta shiga ciwon daga baya, aka gano da wuri aka kashe ta. Yau da ƙafafunsa biyu yake zuwa masallaci, yana ɗan ɗingishi, muna tsokanarsa.

Ku da Allah ya ba sani, a asibiti kuke ko a ofis, don Allah ku yi koyi da ita. In mutum ya ƙi jin maganarku, sau da yawa ba taurin kai ba ne, ba a nuna masa ba ne.

Makon jiya na je har Kubwa in gaya mata zan yi wannan rubutu. Ta karɓe ni da fara'a, ta kawo ruwa. Na ce, "Madam, ni ce 'yar matar nan da kika nuna wa jininki, ta fasa ɗauke ɗanta." Ta gyara tabarau, ta dube ni da 'yar kunya.

"Yi haƙuri, 'yata," ta ce. "Wanne daga ciki?"

Mun gode, Madam Serah, mu da duk sauran da ba mu san juna ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.