Goyon Kwana Uku

A cire takalma a bakin ƙofa, a gyara zama. Ga Yeom Malsun ta unguwar Mapo a birnin Seoul, uwar Amurkawa talatin da ɗaya, wadda ko matakalar jirgi ba ta taɓa takawa ba. Gajeruwa ce, da kaɗan ta fi randar kimchi, kabejin da muke tsimawa, tsawo. Ni kuwa Mansik, ni kaɗai ta haifa da cikinta, kuma ni kaɗai aka bari a nan.

Sana'arta raino. Akwai ofishin da ke nema wa jarirai marasa gata iyayen riƙo a ƙasashen waje, shi ke kawo mata su jajur kamar 'ya'yan ɓera. Ta yi wata biyar tana ba su madara da ruwan sha'ir, da sun yi kumatu sai mota ta zo ta ɗauke. Daga nan sai ta yi kwana biyu tana sake wanke tsummokin da ta riga ta wanke. A na uku a kawo wani.

Ɗakinmu ta ƙasa ake ɗumama shi, kuma wuri mafi ɗumi na jariri ne. Tun ina shekara sha ɗaya aka tura ni bakin ƙofa. Bango kuwa cike da hotunan yaran daga Minnesota ta Amurka, wannan a kan keke, wancan rungume da kare kamar maraƙi. Nawa ɗaya ne, na ranar shiga soja, shi ma kalanda ta rufe masa kunne.

A bazarar 1984 ina da shekara ashirin da uku, boko ya tsaya a rabi, mai gyaran rediyo ya kore ni, mai shagon taliya ma haka. Sai Malama Seo ta ofishin ta zo tana cewa suna neman ɗan rakiya. Jariri ba ya hawa jirgi shi kaɗai, sai an ba wani tikiti ya riƙe shi har can, ya miƙa wa iyayen a filin jirgi. A lokacin kuwa fasfo ba kowa ake bai wa ba.

Na ce, "Umma, sa sunana."

"Kai da ba ka kai kwanon miya tebur bai zube ba?"

"Miya ba ta zuwa Amurka."

Malama Seo ta ce in Umma ta tsaya mini, za a duba. Umma ta kwance Dongju daga bayanta, jariri na talatin da biyu ke nan, ta ɗora mini, ta ja zanin goyo har sai da na yi tari. Ta ce kwana uku, ci da sha da wanki duk nawa.

Da shi na je kasuwa sayen kabeji. Abokina Pilsu mai tura kaya ya hango ni.

"Mansik, ashe an sauka? Uban yaron ya gudu ne?"

"Yi a hankali. Nan da wata guda karen gidansu na Amurka ma zai fi ka cin nama."

Shi ma Dongju ban raga masa ba. Ina tafe ina ce masa, kai me ka tsinana wa duniya? Ba haƙori, ba sana'a, ga takardu an cika maka da hatimi, ni da na yi wa ƙasa gadi wata talatin ko garin Busan na nan ƙasarmu ban sani ba. Ya amsa da tumbuɗi a wuyana.

Amma kafin kwana biyu na gano shi. In ya ja kunnen hagu, yunwa ce. Ba ya barci a kwance, sai a baya, kana tafiya kana bubbuga masa ɗuwawu. In na sauke shi na fita, kuka yake har in dawo, ko Umma ce ta ɗauka. Wannan kam ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Rana ta uku Malama Seo ta dawo da hoton iyayen. Wani ƙato mai jan gemu da matarsa, suna tsaye a wani ɗaki fari fat.

Na ce, "Wannan kejin fa?"

"Gadonsa ne. Ɗakinsa ne shi kaɗai."

"Shi kaɗai? Laifin me ya yi?"

"Haka suke yi a can."

"Shi mai gemun ya iya goyo?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na ce wannan mutumin bai san kunnen hagu ba, bai san komai ba, kawai don yana da kare zai zo ya karɓi yaro a sama. In mun sauka sai ya ɗaura zani a gabana, ya kai ya komo sau uku na gani, kafin in sakar masa.

Malama Seo ta rufe jakarta ta dubi Umma. "Maman Mansik, me kika ce?"

"Ya iya riƙewa," in ji Umma. "Bai iya miƙawa ba."

Shi ke nan, wata ma'aikaciyar jinya aka ba tikitin. Ranar da mota ta zo, Umma ce ta ɓamɓare yatsun Dongju daga rigata ɗaya bayan ɗaya.

Da ƙurar motar ta kwanta na same ta tsugune a bakin famfo. Na tsaya a kanta na zazzage mata. Na ce talatin da biyu kin tura, kalma ɗaya za ki faɗa in zama na talatin da uku kin ƙi. An ɗauke mini tikiti, an ɗauke mini yaro, an ba mai gemu.

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da cuɗa tsumma.

"Kwana uku ka yi goyo har ka zama mai ɗa. Ni shekara ashirin da uku ina riƙonka, har yau babu wanda ya aiko da hoto. Matsa, ka tare mini rana."