Layi Biyu na Manzo Kafinta

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Manzo kafinta, can bayan tashar Magariya, ya lura da abu guda: ba ya yanka katako sai ya ja layi biyu. Sauran kafintoci ɗaya suke ja. Masu jiran aiki kan ɗauka tsufa ne ya sa yake maimaitawa. Ba tsufa ba ne.

A Mallawa aka haife shi, gidan manoma. Bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, mahaifinsa ya kawo shi wurin Malam Yakuba, wanda a zamaninsa rabin ƙofofin Magariya daga hannunsa suka fito. Nan Manzo ya koyi sana'a, ya yi aure, har furfura ta fara leƙo masa. Da Malam Yakuba ya ji ƙarfinsa ya ƙare, sai ya damƙa masa ekar ɗinsa, wato ƙarfen nan mai siffar gwiwar hannu da ake fitar da kusurwa da shi. Bai daɗe ba ya rasu. Tun ranar Manzo bai taɓa auna kusurwa da wani abu ba.

Aikin da ya yi suna a kai shi ne kabad ɗin amare, wanda mata ke jere kwanuka a ciki ranar kai kayan ɗaki. Kabad ɗinsa na da kyau, amma hanyoyin ƙauye ba su san kyau ba. A ɗora shi kan amalanken shanu, a bi yashi da kwazazzabai, kafin a isa ya kwance. Haka ta faru a bikin Nabila, 'yar Kulu yayarsa, da aka kai Guci. Kabad ya isa gilashi a farfashe, ƙofa ɗaya tana lilo. A ƙasa aka yi jere, dangin ango suna kallo suna taɓe baki. Kulu ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai daina zancen kabad a gabansa, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo.

Da auren ƙanwar Nabila, Zahara'u, ya taso, ita ma Guci za a kai ta, Kulu ta ce za ta sa a sayo na ƙarfe.

"Yaya, ki bar mini wannan," in ji Manzo. "Ba zan haɗa shi a nan ba. A shimfiɗe za a kai allunan, kamar tabarma, gilashi a naɗe cikin bargo. Can cikin ɗakin zan haɗa."

"A gaban mutane? In ya ƙi fa?"

"Ba zai ƙi ba."

Ta dube shi ta ce, "To. Amma ka sani, ba zan sake yin jere a ƙasa ba."

Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa sabon zarton inji ne da wani ɗan kasuwa ya kawo masa daga Kano. Zarton na tafiya ne a kan wata doguwar sandar alminiyom, wadda Manzo ke kira titi. A shimfiɗa fallen katako, a ɗora titin a kan layi, a ɗaure shi, sai zarto ya bi ba ya kaucewa. Yanka yana fitowa santal kamar an ja zare.

Ya yanke alluna duka, ya ce bari ya gwada haɗawa. Ƙasa ta zauna, sama ta buɗe baki, har ɗan yatsa na shiga. Ya zargi titi, ya miƙa zare a jikinsa, ya same shi a miƙe. Ya zargi haƙoran zarto, ya canza su, ya yanka wani fallen. Bakin nan dai bai rufe ba. Da, da zarton hannu, irin wannan ba ta damunsa: ya kankare nan, ya matse can da kusa, kabad ya tashi. Amma allunan da za a haɗa a Guci, gaban mata, ba wurin kankara. Ga biki ya matso, falle mai kyau kuma ɗaya ya rage.

Da azahar matarsa Hinda, wadda tela ce, ta kawo masa fura ta same shi ya zuba wa allunan ido.

"Malam, kai da injin naka wa ya yi wa wani laifi?"

"Titi daidai, zarto daidai, ekar daidai, amma aiki a karkace."

"Wa ya gaya maka ekar daidai ne?"

Ya ɗago kai. "Na Malam Yakuba ne fa."

"Allah ya jiƙan Malam, amma ƙarfe ai ƙarfe ne. Sau nawa ya faɗi ƙasa ina gani? Ni in ina shakkar yankana, ninke yadin nake yi, ɓarin nan ya tona asirin wancan."

Ta ajiye kwanon ta tafi. Manzo bai taɓa furar ba. Ya ɗauko guntun katako mai miƙaƙƙen baki, ya kafa ekar ya ja layi. Ya kifa ekar ɗin ta ɗaya gefen, daga ɗigo guda, ya sake ja. Da ƙarfen daidai yake, layi na biyu zai hau kan na farko. Bai hau ba. Sun tashi tare, suna nisa suna rabuwa kamar bakin almakashi.

Ya zauna a kan benci. Ashe shekara da shekaru hannunsa ne ke rufa wa ƙarfen asiri, injin kuwa ba ya rufa wa kowa. A kasuwa akwai sababbin ekar, tafiya kaɗan ce. Amma ya kasa tashi. Yana ta juya ƙarfen a hannu, yana duban inda yatsun Malam suka cinye shi, sai idonsa ya koma kan layukan. Na farko ya karkata dama. Na biyu ya karkata hagu, daidai gwargwadon na farkon. To, in haka ne, gaskiyar tana tsakiya.

Ya miƙe. Ya shimfiɗa fallen ƙarshe, ya fara gyara bakinsa guda da titi don ya sami abin dogaro. Ya ja layi, ya kifa ekar ya ja na biyu, ya ɗauki metir ɗinsa na awo ya raba tazarar da ke tsakaninsu biyu, ya ɗora titi daga ɗigon farko zuwa tsakiyar nan, ya ɗaure, ya yi bismilla ya yanka. Da ya gama, ya auna allon da zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. Tsawo ɗaya. Da wannan dabara ya gyara bakin sauran allunan, kabad ya ɗan rage faɗi, amma kowace kusurwa ta tsaya.

Ranar jere ɗakin amarya a cike yake da mata. Da aka shigo da alluna a ɗaure, Tani, abokiyar wasansa, ta tafa hannu.

"Kai, jama'a! An ce kabad, ga shi ya kawo mana allunan makaranta. Manzo, karatu za ka koya wa amarya?"

"Ke zan fara koya wa, tunda ke ce ba ki da shi. Matsa mini."

"In ya faɗi, a kanka za mu jera kwanukan."

Mata suka fashe da dariya. Kulu kaɗai ba ta yi ba, tana tsaye bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Manzo ya durƙusa ya fara haɗawa. Kowane allo ya shiga gurbinsa ba tare da guduma ba. Daɓen ɗakin ya ɗan gangara, ya tura ɗan katako ƙarƙashin ƙafa guda. Ya warware bargo ya zura gilashi, ya sa ƙofofi. Hirar mata ta yi ta raguwa har ɗakin ya yi tsit.

Kulu ta tako. Ta buɗe ƙofofin, ta rufe, suka haɗu baki da baki. Ta ja gefen mayafinta ta nemi cusa shi tsakaninsu, ya ƙi shiga. Ba ta dubi Manzo ba. Ta juya ga mata ta ce, "Ku miƙo kwanukan. Ƙanena ne ya yi." Tani ce ta fara rangaɗa guɗa.

Yanzu amalanken da ke fita daga rumfarsa zuwa Guci da Mallawa a shimfiɗe yake ɗaukar kabad. Wasu kafintocin sun kwaikwaya, wanda ya zo tambaya kuma Manzo na nuna masa, har ya sa shi ya kifa nasa ekar ɗin ya gani. Shi dai bai sayi sabo ba. Na Malam Yakuba na nan rataye a ƙusa, kullum da safe ya sauko da shi, ya ja layi, ya kifa shi, ya ja na biyu.