Inda Awaki Suka Kwanta

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Ruma, an ba mu wani fili a bayan garin Batsari, aka raba mana tamfol, aka ce kowa ya kafa inda ya ga dama. Bazara ce. Ni da matata da yara, sai rabin buhun irin gero da na ɗauro a bayan babur. Shi ne duk abin da ya rage mini na gona. In ya jiƙe, ko an koma gida ba ni da abin shukawa.

Ban taɓa zaɓen wurin zama ba. A gidan da aka haife ni na tsufa. Sai na zaɓa yadda nake zaɓen gona: na damƙi ƙasa na murza, na ga baƙa ce mai laushi, ga gawo da inuwarsa. Na ce nan. Na kafa sanduna sama-sama don ban yi niyyar daɗewa ba. Ƙofa kuma na juya ta gabas, wajen hanya, in riƙa ganin baburan da ke kawo labarin gida.

Akwai wani tsohon Bafulatani a cikinmu. Shi ma an kwashe masa shanu, awaki kawai aka bar masa. Mutane ba sa son zama kusa da shi. Abin da ya ɗaure mini kai, yini guda bai kafa komai ba. Ya saki awakin, ya zauna kan dutse yana kallonsu. Sai da yamma ya nufi wani fako mai tsakuwa, ba ko inuwa, ya kama haƙa ramukan sanduna har gwiwar hannu.

Na kasa haƙuri, na bi shi.

"Baffa, nan ko tafasa ba za ta fito ba."

"Kaɗo, kanka za ka shuka?" in ji shi, bai ma ɗago ba.

"To me kake kallo tun safe?"

"Akuya ba ta son danshi. Inda ta kwanta, ruwa ba ya kwana."

"Ina ruwa yanzu? Ƙasa kamar tanda."

"Ita ta san na bara."

Sannan ya nuna wurina da baki, ya ce gawona zai zubar da ganye da zarar damina ta faɗi. Na sani mana. Shi ya sa muke son shi a gona, ba ya tare wa gero rana. Ban dai taɓa kallonsa a matsayin rufi ba.

Kullum sai na koma masa da wata tambaya, yana amsa rabi yana tsokanata da rabi. Amma ban tashi ba. Tashi sai da haƙa rami mai zurfi, kuma wanda ya haƙa ya yarda zai daɗe.

Ruwan farko bayan la'asar ya zo, daga gabas, kai tsaye cikin ƙofata. Kafin in kama tamfol ɗin, wani ruwan ya biyo gangare ya shigo ta ƙasa.

"Malam, geron," in ji matata.

Na ɗora buhun a ka, na haura fakon. Tsohon ya matsa mini na shiga. Ɗakinsa a bushe ƙayau. Muka juye geron a tabarma. Na gindin buhu ya jiƙe, muka ware shi na kai wa matata ta dama wa yara kunu. Sauran kuwa tsohon ya ɗaure ya rataye a saman ɗakinsa.

Washegari wani ɗan ƙauyenmu ya ce, "Irinka ka bari a hannun Bafulatani?"

Na ce, "In ɗakinka ya bushe, sai in kawo maka."

Na ari dagin tsohon, na haƙa ramukana kusa da nasa, ƙofa ta kalli yamma. Hanyar ƙauyenmu ba ta yi kyau ba a daminar nan, ban samu komawa shuka ba. In na shiga gaishe shi da safe, nakan miƙa hannu in taɓa buhun, in ji a bushe yake, sannan in zauna.