Hajiya Yakaka da Bangon Gabas

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ranar Talata, tara ga watan Mayu na 2006, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Yakaka Alkali a gidanta da ke Diffa, bayan gajeriyar jinya. Ita ce shugabar ƙungiyarmu ta masu kula da tsofaffin gine-gine da kayan kakanni a kwarin Komadugu. Ni Yahaya, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ina bayanta tun da aka kafa ƙungiyar a 1994. Yaya nake ce mata, ita kuwa Mushe take kirana, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, har ta bar duniya. An ce in rubuta wani abu a kanta, ga shi ina rubutawa zuciyata ba daɗi.

Yaya, ke kika raba mana shekara. Da sanyi mu kwashi 'yan lakwal mu kai su tsohon zauren Maina da ke wani ƙauye kusa da Shetimari, inda ayarin kanwa ke sauka a zamanin da. Ki zaunar da su a ƙasa, ki kira tsofaffin garin su yi magana da bakinsu. Kin hana ni yin dogon jawabi, kin ce yara sun gaji da muryata tun a aji. Na ji haushi a lokacin, yau da za ki dawo ki sake faɗa, da na gode. Da kasuwar tattasai ta buɗe kuma, ki baje tsofaffin komayen kamun kifi da kika roƙo a Bosso, da jigon ban-ruwa, da tukwanen kakanni, mai saye da mai sayarwa su tsaya su kalla kyauta.

Amma babban aikin na bazara ne. Zauren Maina ginin ƙasa ne, kuma ruwan sama daga gabas yake dukansa. Duk shekarar da ba a yi wa bangon gabas yaɓe ba kafin damina, sai ya zaizaye, in aka sake ya faɗi ya ja rufin. Lakar yaɓen kuwa ba a kwaɓa ta yau a shafa gobe. Idan kogi ya janye, sai a ɗebo laka a zuba a rami, manoma su kawo ƙaiƙayin alkama, makiyaya su kawo kashin shanu, a jiƙa a bar shi makonni ya ruɓa. In babu kashin shanu, yaɓen ba ya kama bango, ruwan farko zai wanke shi.

Ban manta shekarar da shanu suka shiga gonakin tattasai ba. An yi faɗa har an zub da jini, mazan ƙauye da mazan ruga suka daina gaisawa ko a kasuwa. Muka zauna taro, wani ya ce a yi da kashin jaki, wani ya ce a haƙura sai baɗi. Washegari kika ɗauki ƙwaryar gero, kika taka da ƙafa har ruga wurin Maimunatu, matar da kika daɗe kina sayen nono a hannunta. Kika zauna a tabarmarta, kika sha abin da ta ba ki, kika yi mata hira da Fulatancinki mai karyayyen harshe har ta yi dariya. Da la'asar sai ga mata a jere da kwanduna a ka, sun ratsa ta gaban mazan da ba su magana da juna. Tun daga ranar abin ya zama al'ada: mace ce ke zuwa ta zauna ta sha nono, sannan a kawo. Namiji ba ya roƙo, kuma ba a aika saƙo.

Bana ciwo ya riga ki. Mun zuba laka, mun zuba ƙaiƙayi, ramin na jiran abu ɗaya. Da na zo duba ki, ban yi niyyar tayar da maganar ba, ke kika tayar. Kika ce, "Mushe, kada ka je, za ka ɓata. Bari in ɗan ji ƙarfi." Ƙarfin bai zo ba.

Ranar sadakar uku Maimunatu ta zo, ta tsufa ita ma, tana dogara sanda. Da ta fito daga cikin gida na bi ta har ƙofa na gaishe ta, na kasa cewa komai a kan rami, don gidan makoki ne. Ita ta dube ni ta ce, "Mushe, mun tara kashin shanun tun sanyi, yana nan a bayan ruga. Kullum muna duban hanya. Da hadari ya fara za mu tashi arewa, wajen Ngelbeli." Ta share ido ta tafi. Na tsaya a ƙofar na rasa inda zan sa kaina. Ga abin nan a tare, ga bango na jira, wadda za ta je ta zauna kuwa mun rufe ta da hannunmu.

Ban san 'yarki Aisa ta ji mu ba. Kin san halinta, ma'aikaciyar jinya ce, ba ta taɓa shiga lamarin ƙungiya ba, har tsokanarki take yi wai kin fi son tsohon bango da ɗakinki. Bayan sadakar bakwai ta auni gero a ƙwarya ta tafi ruga, ba ta jin Fulatanci ko kalma ɗaya. Matar da ta raka ta ta ce an shimfiɗa mata tabarma, an miƙo nono, ta kai baki kuka ya hana ta haɗiya. Maimunatu ta riƙe mata ƙwaryar har ta kurɓa. Kafin rana ta faɗi kwanduna sun iso, mun juye a rami.

Mun makara, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ko lakar za ta ruɓa kafin ruwa ya sauko, Allah kaɗai Ya sani. Jiya na je na tsaya a gindin bangon ina duba inda ya tsage. Da hannu ake yaɓe, kowa sawun yatsunsa na zama a inda ya shafa. Na ga naki na bara a ƙasa-ƙasa, daidai tsayinki, ƙanana, suna karkata hagu kamar yadda kike yi. A nan na gane cewa in Allah Ya ba mu lokaci muka ceci bangon, da hannunmu za mu rufe su. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Za mu yi yaɓen, don na san abin da za ki ce in muka bar gurbin yatsunki ba yaɓe.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce masaukinki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta Alhaji Mamman Sani, da Aisa da ƙannenta, da dangi na Diffa da Shetimari, da 'yan ƙungiya, da Maimunatu da matan ruga, don su ma rashin nasu ne. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya jinkirta mana ruwan gabas har mu gama, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.